Ƙafar Hagu ta Baba

Babanmu direban babbar mota ne, shekara da shekaru yana jigilar kaya a hanya ɗaya. A tasha Ba-Tsayawa suke kiransa, don in ka hau motarsa, ko fitsari ya matse ka sai dai ka riƙe. Duk ƙananan garuruwan da ke bakin titin nan ya san su, amma ta gilashi. Ya san inda rami yake, ya san inda awaki ke tsallakawa. Bayan wannan bai san komai nasu ba.

Sai ciwon sukari ya sauka masa a ƙafar hagu. Gyambo ya ƙi warkewa, likita ya ce ba makawa sai an yanke daga ƙasan gwiwa, ya sa rana. Ya ce kafin nan a kwanta, kada a taka. Yayanmu ya sayo keken guragu sabo fil ya ajiye a falo. Baba ya kalli keken, ya rataya masa tawul.

"Auta, ɗauko makullin motarki."

"Ina za mu, Baba?"

"Zan je in ga garuruwan da na yi ta wucewa."

Ni fa ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na yi faɗa, na yi magiya, har da kuka. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce in ba zan kai shi ba, motar haya ba ta ƙare ba. Kuma wallahi zai aikata. Haka na ja mota.

Zafi ake kamar me. A garin farko ya ce in tsaya, ya sauka da sandarsa ya bi wani lungu bayan gidan mai. Ina biye da gorar ruwa ina ta mita. Ashe makaranta ce a can, ga wata ƙatuwar bishiya, tela na ɗinki a gindinta. Baba ya saki baki. "Ikon Allah! Ashe mutane ne a nan." A gari na gaba rafi ya hango, ya ce sai ya je bakinsa. Wani garin kuma ba komai sai kasuwar da ta watse, amma sai da ya zagaye ta rumfa-rumfa. Da yamma in wanke masa ciwon in sake bandeji, ina sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata. Tsoro nake ji ƙwarai, kada abin ya haura gwiwa.

Yaya ya dinga kira. "Kin haukace ne? Kashe shi za ki yi?"

Baba ya fizge wayar. "Kai, saurara. Ƙafar nan ba a yanke ta ba tukuna, tawa ce. Ran da suka ɗauke ta, ka zo ka tura ni duk inda ka ga dama." Ya kashe, ya ce in rage gudu, wai ina tuƙi kamar wadda aka koro. Shi! Shi ke ce wa wani ya rage gudu.

A garin ƙarshe kafin mu juya gida, muna cikin tafiya igiyar takalminsa na hagu ta tsinke. Muka samu mai gyaran takalmi a bakin wani shago. Ya jujjuya shi ya ce, "Baba, in kana so ya daɗe, sai an sake masa ƙasa gaba ɗaya."

Na buɗe baki zan ce ya ɗan ɗinke kawai, yadda zai kai mu mota. Baba ya yi min wani kallo, na haɗiye maganata.

"Sake masa. Ka yi aiki mai kyau."

Muka zauna a benci yana yanka, yana shafa gam, yana ɗinki. Da ya gama ya miƙo yana murmushi. "Wannan kam sai ka gaji da shi."

"Madalla," in ji Baba.

Ya zura ƙafar mai bandejin a hankali, ya dafa sanda ya miƙe. Mota tana hannun dama. Ya juya hagu, wajen unguwar da ba mu shiga ba. Na share hawayena da bakin mayafi, na bi shi.