Karkataccen Mazubin Mudi

Duk wanda ya san Dangora ya san Mudi mai intalok, wato bulon da ake shimfiɗawa a ƙasa, siririn mutumin nan da siminti ya cinye wa farce. Bulo mai kusurwa shida shi ne gwanintarsa. Yakan kafa ƙusa, ya ɗaura zare ya zana da'ira, sannan ya bi bakinta da tsawon zaren nan yana sa alama. A ta shida yake dawowa inda ya fara. In ya haɗa alamomin da juna, ya kuma ja su zuwa tsakiya, sai ga alwatika shida masu kai ɗaya. Shi ya sa bulonsa ke haɗa baki uku-uku kamar saƙar zuma, ko tsinke ba ya shiga. Kowane bulo kuma da 'yar tauraruwa a fuskarsa, tambarin Mudi. Sunan nan shi ne dukiyarsa.

Sai dai Mudi ba ya mantuwa, yafiya kuwa ba a maganarta. Ukasha, tsohon abokin aikinsa, ya ware ya buɗe rumfa a tsallaken titi, yana bin masu gini yana cewa Mudi na rage siminti. Abin ya ƙona wa Mudi rai ƙwarai.

Ana nan sai ga Ukasha, ko kunya babu. Ya samu babban aiki na mai kusurwa shida, shi kuwa mazubin murabba'i kaɗai gare shi.

"Malam Mudi, a ara mini naka mana."

"Haba, ai duk ɗaya muke. Dawo jibi."

Mudi ko tambayar ina ne aikin bai yi ba. Ya wuce wurin Mustapha mai walda, ya sa aka ƙera sabon mazubi, gefe ɗaya ya ɗara sauran da kaurin fensir. In ka ɗauki bulo guda, lafiya lau. Shimfiɗawa ce za ta tona asiri. Mudi ya yi ta murmushi shi kaɗai har matarsa ta fara tsarguwa.

Ukasha ya zo ya karɓi mazubin, ya buga bulo tuli guda. Layin farko ya zauna, na gaba ya fara buɗe baki, kafin a kai tsakiyar fili ƙafar akuya na faɗawa tsakani. Filin kuwa harabar masallacin unguwar Mudi ne.

Dattawa suka taso wa Ukasha. Bai yi musu ba, ya ɗaga bulo ɗaya.

"Baba, ku dubi tambarin. Mazubin wa ne?"

Ashe Mustapha ya sa tauraruwar, kamar yadda ya saba. Fushi bai bar Mudi ya duba ba.

Har yau ba a tayar da bulon ba. Mudi na takawa duk sallah, kansa a ƙasa, yana jin ana ce wa baƙi, "A yi hankali, aikin Mudi ne." Kuma har yau yana cewa Ukasha ne ya cuce shi.