Hannun Emlyn Mai Cire Taga

Emlyn Prosser bai taɓa sayar wa kowa kujera ba, amma da wuya ka sami babbar kujerar falo a unguwarsu ta Tredegar, can ƙasar Turawa, da ba ta bi ta hannunsa ba. Gidajen layin tun zamanin haƙar kwal aka gina su, a jere, ƙofa siririya, kana buɗe ta matattakalar bene ta tare ka. Kakannin da suka fara zama a ciki kujerun katako biyu sun ishe su. Jikoki kuwa sai su shiga kanti su zaɓo wadda mutum huɗu za su miƙe ƙafa a kai, ba wanda ya tuna ya auna ƙofa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima; to, idon mutanenmu bai san ta ba. Sai motar kanti ta sauke kaya a bakin titi, ruwa na zuba, sannan a ce a kira Emlyn.

Ubansa a ramin kwal ya ƙare rayuwarsa. Shi kuwa yana tasowa aka rufe ramin, ya kama aikin gilashi, bai sake waiwayar wani ba. Tagogin garin duk ruɓi biyu ne saboda sanyi, gilashi biyu manne da juna, siraran sandunan roba huɗu na riƙe da su ta ciki. Emlyn zai zura wuƙarsa mai faɗin baki ya ɓamɓare sandunan, ya rungumo gilashin ya jingine a bango, a shigo da kujera ta wurin, ya mayar, ya bubbuga da gudumar roba. Ya sha shayi ya tafi. Bai taɓa sa safar hannu ba. Cewa yake gilashi da kan yatsa yake magana: kafin ya tsage akwai ɗan motsin da yake yi, wanda ya ji sai ya sassauta.

Da sanyin bara ne yatsun suka fara yin shiru. Da farko kamar tururuwa na yawo a cikinsu, daga baya tururuwar ma ta tafi. Likita ya ce ciwon suga ne ya ci jijiyoyin, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Emlyn ya ce to, ya gode. Ya fito ya sayi kifi da soyayyen dankali ya ci a mota. Ya zauna yana jiran tsoro ko baƙin ciki ya zo masa, ba wanda ya zo, sai ya tayar da mota.

Bai gaya wa matarsa Glenys ba. Bai gaya wa ƙanenta Dilwyn ba, wanda suke aiki tare tun kafin su yi furfura. Ya san ranar da aka sani aikin ya ƙare, don ba mai miƙa wa mataccen hannu gilashi. Sai ya rage sauri, ya ɗora laifin a kan gwiwa.

Kirsimeti na gabatowa Delyth ta kira shi, 'yar maƙwabcinsu da ya sani tun tana rarrafe, yanzu amarya ce a gidanta. Shi da Dilwyn suka tarar da ita a bakin ƙofa da lema, ga wata farar kujera ta tare rabin hanya.

"Kawu Emlyn, ka rufa min asiri," ta ce. "Surukata na zuwa cin abinci, ga kaya a titi kamar an kore mu."

Dilwyn ya zagaya kujerar yana girgiza kai. "Ke Delyth, wannan kujera ce ko jirgin ruwa? Fara kuma! Ke da ba ki taɓa shan miya ba ki ɗiga a riga ba?"

"Kai dai Kawu Dilwyn, ɗauka aka kira ka yi, ba sharhi ba."

"Tsoho, yi maza," Dilwyn ya ce wa Emlyn, "sanyi ya fara shiga ƙashina."

"Wa kake ce wa tsoho? Kai da furfura ta rasa gashin da za ta zauna a kai."

Sanyi ya sa robar ta yi tauri. A sanda ta uku wuƙar ta zame, Emlyn ya gyara riƙo ya ci gaba. Gilashi ya fito lafiya. Ledar da aka naɗe kujerar da ita ta maƙale a bakin taga, dole aka cire ta. Dilwyn na turawa daga waje yana nishi, Emlyn na tarba daga ciki, har ta sauka tsakiyar falo.

Delyth ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ta tsaya.

"Kawu... jini."

Shatin hannu ne ja, tun daga wannan gefen kujerar har wancan. Emlyn ya leƙa ta taga ya dubi Dilwyn, a zatonsa shi ne ya ji ciwo. Sai da ya ga inda Dilwyn yake kallo sannan ya juya tafin hannunsa na hagu. Ya dare daga gindin babban yatsa, jinin ya jiƙa hannun riga har gwiwar hannu.

Dilwyn ya shigo. Ba wasa a fuskarsa yanzu. "Yaushe ka yanke?"

"Ban sani ba."

"Yanka irin wannan, ko wash ba ka ce ba?"

"Ban ji ba, Dil. Na daɗe ba na ji."

Delyth ta kawo tawul ta naɗe masa tana cewa kujera ce kawai, kujera ce kawai, idonta kuwa ya cika. Dilwyn ya ɗauki gilashin ya mayar, ya ɗauki gudumar da ba a taɓa bari ya taɓa ba. Emlyn na tsaye yana gaya masa sandar da zai fara sa wa. Ya san wannan ce tagarsa ta ƙarshe, kuma bai ji komai ba, kamar labarin wani ake ba shi.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ɗauko allurar kashe zafi kafin ɗinki. Ya ce ta ajiye wa mai bukata.

A hanyar gida Dilwyn ya ce, "Kai za ka gaya wa Glenys ko ni?"

"Gaya mata."

Glenys ba ta yi faɗa ba, ita da ko cokali ya ɓata sai layi ya ji. Ta saurari ƙanenta har ya gama, ta raka shi ƙofa, ta dawo ta zaunar da mijinta a teburin kicin. Ta zuba shayi, ta zauna gefensa, ta shiga lissafa masa waɗanda za su zo Kirsimeti da girman talotalon da za a saya. Shi yana kallon ruwa na gangarowa a taga.

"Em, ka ji?"

"Na ji. Talotalo."

"Ba shi ba."

Ya sunkuyar da kai. Hannunta na kan nasa na dama, mai lafiyar, ta matse shi har yatsunta sun yi fari.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun da ka zauna."

Ya daɗe yana duban hannayen biyu.

"Ƙara matsewa, Glen."

Ta ƙara. Ya ga ta ƙara.