Hoton da Ya Kai Baba Makka

Autanmu ma'aikacin biro ne, wato ofis, yana zaune can unguwar Atrone inda ya samu fili mai araha ya yi ɗaki biyu, amma duk Lahadi sai ya hau babur ya zo unguwarmu Moursal cin tuwo. Ni ce nake zaune da Inna a gidan gado tun da mijina ya rasu, kuma ni ba mai fita ba ce. Kasuwa, gidan suna, gidan gaisuwa, iyakar yawona ke nan. Saboda haka duk abin da na sani game da ƙere-ƙeren Turawa daga bakin Auta na ji shi, yana magana yana siɗe miya.

Ba goro yake kawo mana ba, labari ne. Wani satin ya ce an yi nama a cikin kwalba, ba saniya ba mahauci. Na ce to wa ya yanka, kuma da sunan wa? Ya ce ai ba a yankawa. Na ce ashe mushe ne ya yi boko. Wani satin ya ce akwai mota mai tuƙa kanta. Na ce a kawo ta layinmu tsakiyar damina, in ta wuce kwatar gidan mai wanki ba a tura ta ba, ni da kaina zan yi mata guɗa. Ranar da ya ce wasu attajirai suna shirin ƙaura zuwa wata duniyar can sama, muna tsakar gida ne muna fifita da murfin kwano, kuran, wato wutar lantarki, ya daɗe bai leƙo mu ba, wayar da yake karanto mana labarin ma a shagon mai caji aka cika ta. Na ce su gaida mutanen can, in sun isa su aiko mana da wutar da suka bari. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, “Yaya, ke da kin yi lakwal, kin yi karatun boko, da duniya ta shiga uku.” Na ce da na yi lakwal da ban san daɗin barci ba, kamar ka.

Duk wannan raha ce, ina jin daɗinta ma. Abin da ba raha ba shi ne wanda ya yi mana da hoton Baba.

Mu 'ya'yan matafiya ne. Baba da Inna sun baro ƙasar Damagaram suna sabon aure, da niyyar Makka, yadda mutanen da suke yi: a yi tafiya, a tsaya a yi sana'a, a ƙara gaba. Da suka iso nan Inna tana da cikin yayanmu, aka ce a tsaya ta haihu. Ta haihu, aka ce a bari ta yaye. Kafin ta yaye wani ya shigo. Baba baduku ne, ya kafa rumfa, tsayawar ke nan har ƙasa ta rufe masa ido. Amma bai taɓa yarda an ce ya zauna ba. In wani ya kira shi Alhaji a kasuwa, irin kiran nan na neman ragi, sai ya ajiye basilla ya ce, “Kada ka ɗora mini abin da ban ɗauka ba, ina hanya tukuna.” Kuma akwai alkawari tsakaninsu da duk gidanmu an san shi: tare suka fito, tare za su isa, ɗaya ba zai riga ɗaya ba. Tun da ya rasu, duk ranar Alhamis Inna take jiƙa shinkafa, Juma'a da safe a soya masa a rarraba wa maƙwabta da masu fitowa masallaci, sadaka ladan ya kai masa. Ko ba ta da lafiya sai ta sa an yi, tana kwance tana ba da umarni.

Hoton Baba ɗaya ne tak a duniya, baƙi da fari, na katin shaida, ya murtuke fuska kamar mai hoton ya ci masa bashi. To, gab da babbar Sallah Auta ya ɗauki hoton nan da wayarsa ya ba wa wani abu da yake kira entelijans, wai na'ura ce mai tunani. Ita kuma mai tunanin ta tuɓe wa Baba rigarsa da hularsa, ta yafa masa harami, ta aske masa kai, ta tsayar da shi Ka'aba na bayansa, har da ɗan murmushin da mu 'ya'yansa ba mu cika gani ba. Ranar hawan Arfa ya tura shi grup ɗin dangi, inda mutanenmu na Damagaram da Kano da na nan unguwar Paris-Congo suke. Ko kalma ɗaya ta bayani bai rubuta ba. Ni wayata ta kira ce kawai, ban san wainar da ake toyawa ba.

Bayan Sallah matar kawunmu ta zo barka da layya, ina madafa ina juya suya na jiyo muryarta a ɗakin Inna.

“Ashe haka kuke da zurfin ciki? Malam ya sauke farali shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa faɗa mana. Ga mutanen gida can sai Allah ya jiƙan Alhaji ake ta yi.”

Kafin in wanke hannu in shigo, ta riga ta kanga wa Inna wayar a fuska. Idon Inna ya yi rauni, amma ba ta yadda za ta kasa gane mijinta ba. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta kai ta kusa da hanci, ta daɗe. Sannan ta miƙa ta ce, “Allah ya karɓa masa.” Naman da na kawo mata haka ya huce a kwano.

Alhamis ta zo, na ga ba a ce in auno shinkafa ba. Na ce, “Inna, yau Alhamis fa.”

“Na sani.”

“Ba za a jiƙa ba?”

“Wanda ya je ɗakin Allah ya dawo kamar ranar da aka haife shi, me zai yi da masata?”

Na zauna bakin katifa na ce mata hoton ƙarya ne, ko da yake a lokacin ni ma ban san ta yadda aka yi shi ba, na dai san Baba bai je ba. Ta ce, “Shekarar Abashe ce.” Wata shekara ce da Baba ya tafi garin Abashe, can gabas, sayen fata, ruwa ya datse hanya, ciwo kuma ya kama shi, ya daɗe ƙwarai bai dawo ba. Inna ta zauna ta haɗa lissafinta tsaf. Ya dawo kansa a aske ƙwal. Ya dawo da dabino. Ya dawo da sabon carbi da kwalbar turare. Ya dawo ya rame ya yi baƙi, kuma da aka tambaye shi labarin hanya sai ya ce a bar maganar.

Na ce, “Inna, dabinon Faya ne na nan ƙasar, ko yanzu in na leƙa kasuwa zan cika miki kwarya. Aski kuwa, wanda ya sha jinya a ƙasar mutane ai dole ya aske.”

“Ke kina goye lokacin, me kika sani?”

“To ya aka yi ya ƙi a kira shi Alhaji har ya mutu?”

“Don kar in ji.” Ta juya fuska wajen bango. “Ni na bi shi na baro uwata ban sake ganinta ba. Da ya ce mini guzurin mutum ɗaya ne, ai da na ce je ka. Sai ya bar ni ina wanke masa fata ina jiran ranar tashi.”

Abin da ya ɗaure ni shi ne, a sanin Inna hoto ba ya ƙarya, kuma tana da gaskiyarta. A zamaninta sai ka yi wanka ka je ka tsaya gaban mai hoto, ya ce kar ka motsa. Inda ƙafarka ba ta taka ba, ba za a ɗauke ka a wurin ba. Juma'ar nan ba a soya komai a gidanmu ba. Maƙwabciyarmu Balarabiya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya, na ce mata shinkafar ce ba ta tashi ba.

Na kira Auta. Bai ma bari na gama ba ya fara dariya. “Yaya, montaj ne kawai, haɗa hoton aka yi, kowa ya san ana yi. Na ga bai samu zuwa ba, na ce ko a hoto ne mu gan shi a can.”

Na ce, “Kowa wa? Kowan biro ɗinku? Mutumin da ya ƙi sunan da bakinsa yana raye, kai ka liƙa masa yana kabari. Uwarka ga ta nan ta daina yi masa sadaka. Ka hau babur ɗin nan ka zo, kar ka jira Lahadi.”

Ya zo, dariyar ta ƙare tun a zaure. Ya durƙusa gaban Inna ya yi ta bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, da aplikasiyon da su waye da su waye. Ta bar shi ya gama sannan ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗan halak ne kai, kana rufa wa ubanka asiri.” Ya ce bari ta gani da idonta. Ya danna ya danna, ya nuna mata Baba tsaye a kan wata, cikin wata riga kamar buhun gawayi fari. Ta duba ta ture hannunsa. “Wannan ai wasan yara ne, wa yake zuwa wata? Makka kuwa ana zuwa.” Ya buɗe baki zai ce an je watan ma, na harare shi ya haɗiye.

Ya murza goshi, can ya ce, “Inna, ɗago ki dube ni.” Ya ɗauke ta yadda take, a kan tabarma, da tsohon lafayanta. Na gane abin da zai yi, na ce ƙarya ɗaya ba ta ishe ka ba sai ka yi mata ƙanwa? Ya ce, “Yaya, ki bar ni, ba ni da wata dabarar.” Rezo kuma, wato sabis ɗin waya, ya zaɓi lokacin ya gudu. Ya fita tsakar gida yana ɗaga waya sama, ya hau kan turmi, ya koma bakin rijiya, na'ura mai tunani tana ta juya ɗan zobe a fuskar wayar. Ni da Inna muna zaune muna jiransa.

Da ya shigo ya miƙa mata. Ga Inna cikin farin hijabi, Ka'aba a bayanta, jama'a maƙil. Ta kai wayar kusa da hanci. Ta shafa gilashin da ɗan yatsa daidai inda tsagar kumatunta take.

“Wannan ni ce.”

“Ke ce, Inna.”

“Yaushe na je?”

“Ba ki je ba. Yanzu na ɗauke ki a nan, kina gani.”

Ta daɗe tana kallo, har na fara tsoron kar ta ce a bar mata. Sai ta ajiye wayar a kan tabarma ta tura masa da bayan hannu. “Goge. Da nawa da nasa da na watan. Kalas, magana ta ƙare.” Sannan ta ce ba a gama ba. Ta sa shi ya zauna nan gabanta ya yi magana a grup ɗin da muryarsa, da Hausa, ba rubutu ba, don tsofaffi su ji: shi ne ya haɗa hoton, ubansa bai je Makka ba, ya mutu da niyyarsa. Na farko da ya yi ya ce wai ɗan kuskure aka samu. Ta ce, “Ba kuskure ba, ƙarya. Sake.” Ya sake.

Ba kowa ya karɓa ba. Wani ɗan baffanmu a Damagaram ya riga ya wanke hoton babba ya sa masa gilashi ya rataye a falo, ya ce shi ba zai sauke ba, ya yi kyau, kuma ai niyyar mumini ta fi aikinsa. Na karɓi wayar Auta na faɗa masa abin da ba zan maimaita a nan ba. Har yau ina jin hoton yana nan a bangonsa, jikokinsa suna tashi da sanin suna da kaka Alhaji. Su masu ƙera abin nan suna can ƙasarsu, ba su san akwai wata tsohuwa a Moursal ba, balle su san abin da suka taɓa. An ce mini wai yanzu har murya suke yi, su sa mamaci ya faɗi abin da bai faɗa ba. Na ce wa Auta ranar da na ji muryar Baba ta fito daga aljihunsa, turmi zan saka wayar in kira mata biyu mu yi lugude.

Alhamis ɗin da ta biyo baya Inna ta ce in auno shinkafa, ta ce in ninka, a rama ta wancan satin. Tana zaune a kujerar tsuguno tana tsince tsakuwa, ni ina wanke tukunyar ƙullu, Auta yana gefe don ya ɗauki hutu ya zo a aike shi niƙa. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Na zauna a ɗakin nan na kira shi maci amana a zuciyata. Mutumin da bai taɓa cin goro bai ɓantar mini ba. Da yana raye da na durƙusa na ce Malam yafe mini, ya yi fushinsa ya huce. To wanda yake ƙasa, ta ina ake ba shi haƙuri?”

Na dubi Auta, mai amsar kowace tambaya. Ya sunkuyar da kai. Sai na jawo tiren shinkafar muka ci gaba da tsintar tare.