Burtalin da Malam Nomau ya Yanka a Cikin Dawarsa

Ina kara a kasuwar Tsafe, ina duba haƙoran wata karsana, sai wani mutumin Kucheri ya dafa kafaɗata ya ce, “Jaɓɓi, Malam Nomau ya cika da asuba.” Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na saki igiyar, ban ko yi wa mai saniyar sallama ba.

Ni Bafillace ne, shi kuwa manomi. Rugarmu tana bayan gonarsa tun zamanin mahaifina. Da kaka mu kwantar masa da shanu su yi masa taki, shi ya bar mana kara da harawa. Bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba. Sai ya ɗaga kai daga noma ya ce, “Fillo, yau ma shanun sunka kiwata ka, ko kai kak kiwata su?” Ni ma ba na barin ta kwana.

Bayan farin nan da ya kusa ƙarar mana da garke, wasu mutane suka zo daga Gusau da mota da turaku, wai akwai zinariya a gefen rafi. Suka ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, kuma an ba su izini. Masu gonakin gado suka ɗan yi gardama, masu noman aro aka tashe su ba ko sannu. Burtali kuwa, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki zuwa ruwa, ba shi da mai shi, don haka shi aka fara ci. Kafin damina duk ya zama ramuka.

Da rani mun lallaɓa, muna ratsa gonaki. Da shuka ta tashi sai muka rasa ta inda za mu bi. Saniyata mai ciki ta faɗa rami ta karye, dole na sa mata wuƙa. Muka yanke shawarar tashi. Matata har ta ɗaure ƙorai, ta je ta yi wa kabarin ɗanmu kallon ƙarshe.

Na je yi wa Malam ban kwana. Ya saurare ni har na gama. Ya ɗauki lauje ya shiga dawarsa, wadda ta kai ƙugu, a shekarar da kowa ke tsoron yunwa, ya fara yanka. Babban ɗansa Bawa ya riƙe masa hannu ya ce, “Baba, mi za mu ci?” Ya ce, “Sake ni. Takin da yat tada dawag ga, na shanunsu na. Ba ni tsayawa ina kallo maƙwabcina shi tashi don ƙishirwa.” Haka ya yanka hanya tun daga bakin ruga har rafi, ya ba ni dawar ya ce in kai wa maruƙa. Na yi kuka a gabansa, kuma ban ji kunya ba.

Masu haƙa sun dawo suna son wannan gefen ma. Ya ce musu, “In kun gama haƙa kuna komawa gida. Mu nan na gidanmu.” Sun yi ta sintiri, bai ba su ba.

Da na iso daga Tsafe an gama sutura. Tsohuwar hanyar maƙabarta ramuka sun cinye ta, mutane suka tsaya da makara suna shawara. Bawa ya ce a bi burtalin Baba. Ta nan muka ɗauke shi, muna taka sawun shanuna.

Allah ya jiƙan Malam Nomau, ya gafarta masa, ya ba matarsa Inna Hajo da Bawa da ƙannensa haƙuri da abin da za su ci. Ya Allah, bawanka ya buɗe wa dabbobi hanyar ruwa, ka buɗe masa hanyar Alkausara. Amin.