Sanyin da Na Kori Yaran Unguwa

Ko me zan manta a duniya, ba na jin zan manta sanyin shekarar da na kori yaran unguwa daga gidanmu. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

A Roni muke zaune lokacin. Maigida ya tafi cin rani Kano, gidan daga ni sai surukata da muke kira Inna, sai 'yata tilo mai shekara bakwai. Yarinyar tana da sikila. Wanda bai taɓa jinyar mai sikila ba, ba zai gane abin da shigowar sanyi take nufi a wurinmu ba. Da iska ta ratsa ta sai ƙasusuwanta su ɗau ciwo, ta yi ta birgima tana ihu, ni kuwa ina tsaye a kanta ba abin da zan iya. Likita ya faɗa mini ƙarara: a rufa mata jiki, ta riƙa shan ruwa da yawa, kada a bari sanyi ya kama ta.

To ni fa, in aka ce mini ɗaya sai na yi goma. Ana ba da hutun makaranta na kafa doka: ba fita tsakar gida sai rana ta take, ƙofar gida kuwa kada ma ta yi mafarkinta. Matsalata ita ce yaran maƙwabta. Kullum da sassafe sai su taru a zaure suna ƙwala mata kira, "Fito mu je tsintar kara!" Gonakin bayan gari suke zuwa su kwaso karan dawa, su hura wuta su ji ɗumi, ragowar su yi wasa da shi. Tana jin muryarsu sai ta fara kuka tana jan zanina. Ran nan abin ya ishe ni, na suri tsintsiya na fita.

"Ku ɓace mini da gani! In ta kwanta, iyayenku ne za su yi jinyar? Duk wanda na sake gani a zauren nan sai na karya ƙafarsa!"

Suka watse. Ina dawowa Inna ta dube ni daga bakin ƙofarta ta ce, "'Yar nan, yaro fa ba buhun gero ba ne da za a jingine a ɗaki." Na ce, "To, Inna." A zuciyata kuwa cewa na yi, tsohuwa ba ta san zafin ciwon nan ba.

Ranar kasuwa na sayo mata 'yar tsana ta roba, na kuma riƙa ba ta wayata tana dannawa har caji ya ƙare. 'Yar tsanar kwana ɗaya ta yi a hannunta. Daga nan yarinya ta daina kuka, ta daina roƙo, sai ta zauna kan gado ta zuba wa taga ido. Wallahi har daɗi na ji, na ce ai ga shi ta yi hankali. Ashe ni ce ban yi ba.

Wata safiya mai tsananin sanyi na fita gaisuwar rasuwa, Inna kuma ta shiga wanka. Na dawo na leƙa ɗaki na ga bargo a tudu, na ɗaga, sai rigar sanyinta da matashi. Da gudu na yi bayan gari, mayafi a hannu. Can na hango ta cikin yaran, ba takalmi, 'yar shimi ce kawai a jikinta, ta ɗauko damin kara a ka tana ƙyalƙyala dariya. Na finciko ta, har na kai mata duka a baya, abin da ban taɓa yi ba. Kafin la'asar ciwo ya tashi. Wani maƙwabcinmu ya ɗauke mu a babur zuwa asibiti a Kazaure, aka ba mu gado, aka sa mata ƙarin ruwa.

A rana ta uku, da ciwon ya ɗan lafa, matan unguwa suka yi mota guda suka zo dubiya, wasu da 'ya'yansu. Yaran da na kora ne. Suka raɓe a bakin ƙofa suna satar kallona, sai da wata ma'aikaciyar jinya ta ce su shigo. Sun kawo mata motar kara da suka ƙera, har da tayoyi. Yarinyar da ta kwana biyu ba ta ko ɗaga kai, sai ga ta zaune tana tura mota a kan gado, allura a hannu. Bayan sun tafi ta jawo gefen mayafina.

"Umma, don Allah ki ce wa likita kada ya sallame mu da wuri."

Na ce, "Ke, wace irin magana ce wannan? Ana son zaman asibiti?"

Ta ce, "A nan ana barin su su shigo wurina."

Na fita bayan ɗakin na tsuguna na yi kuka mai isata. Ɗakin da na share, na gyara, na ce nan ne lafiyarta, ashe gadon asibiti da allura sun fi shi daɗi a wurinta.

Muna komawa gida na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ina ba iyayen haƙuri, na roƙi a riƙa turo mini yaran da safe. Wata ta ce, "A'a, mu da za a karya wa 'ya'ya ƙafa?" Muka yi dariya, na shanye, ai ni na jawo. Na kwashe kwanukan jerena na kai ɗakin Inna, na shimfiɗa tabarmi a ɗakina. Na ce duk mai shigowa ya zo da karansa. A nan suke zama su fere shi, su ƙera motoci da tabarau da gadajen 'yar tsana. Maza suka tara murafen kwalba suna buga ƙwallo da su a kan siminti, mata suna 'yar carafke. Na cika babban faranti da yashi ya zama wurin dara. Wata rana in zube musu gyaɗa a yi gasar ɓara, rabi a kwano rabi a ciki. In dama kunu kowa ya sha. Ko kaskon wuta ban sa ba, ɗumin jikinsu ya ishi ɗakin.

Da suka matsa wa Inna ta yi musu tatsuniya, ta ce ba a yi da rana, mai yi ɓata yake. Can kuma ta gyara zama ta ce, "Ni da ba na zuwa ko'ina, ina zan ɓata? Ga ta nan, ga ta nanku." 'Yata kuwa ita ta zama alƙaliyar kowane wasa, ga faɗa kamar uwarta. Ba zan yi ƙarya ba, sun fasa mini madubi, sun cika ɗaki da ɓawon kara, kuma ban fasa yi musu tsawa ba. Amma har sanyin ya wuce ba ta sake ko leƙa zaure ba, kuma ba mu koma asibiti ba.

Sikila ba ta tafi ba, har yau muna fama, yarinyar ta zama budurwa. Abin da na koya shi ne, tsare yaro daga abin da zai cutar da shi rabin aiki ne; in ka hana shi waje, sai ka kawo masa abin da yake nema a wajen. Ni na tsaya ina gadin ciwo, na manta mai ciwon yarinya ce 'yar shekara bakwai.