Jakunan da Ban Ƙirga Ba

A shekarun farin da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, kakarmu Iya Tabawa takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta da zarar an idar da magariba. Wani lokaci ruwa ne kawai a tukunyar da ta ɗora, amma idan muka ga tururi sai mu zauna mu yi haƙuri. Garinmu yana tsakanin Minjibir da birni, inda gona ke jingine da gona, ko tsakuwa ka jefa a gonar wani za ta faɗa. Ƙasar ta gaji tun kafin a haife mu, takin birni ne ke riƙe ta. Tun asuba maza ke ɗora wa jakuna itace, su bi burtali har cikin birni su sayar, su cika mangala da taki daga juji, su dawo wajen la'asar. Da wannan muke ci.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta ce, "Ga baƙuwa a kan jaki," mu amsa, "A sauke ta, a ba ta ruwa." Ni take kira angonta, takan ce in matso kusa, tunda ango ne da bai da abin ba amarya sai kunne.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai sarkin dawa ya so a share hanya zuwa tafki, sai ya aiki raƙumin dawa ya ƙirgo masu zuwa shan ruwa. Raƙumin dawa ba maƙaryaci ba ne, sai dai kansa yana can sama. Ya ɗauki bushiya ta raka shi don ita ce 'yar wurin. Ya ƙirga giwa da ɓauna da gwanki, da zai tafi ya sunkuyo ya tambaye ta ko akwai masu bi ta ƙarƙashin ciyawa. Bushiya ta tuna danginta da kunkuru da kwaɗi, ta ji kunyar a ce da irin waɗannan take tarayya, ta ce babu kowa. Ya kai wa sarki labari. Hankaka ya ji ya gaya wa shamuwa, shamuwa ta kai shi har ƙasashen da take zuwa, ya dawo ta bakin wasu tsuntsayen. Aka share hanya mai faɗi, aka haƙa rami hagu da dama. Uwar bushiya ta zo da ƙishirwa ta kasa tsallakewa. Bushiya ta ruga fada ta ce ƙarya ta yi, sarki ya ce hankaka ya faɗa, shamuwa ta faɗa, ita wace ce?

"To sai me ya faru, Iya?"

"Sai me kuwa? Tun ranar take dunƙule fuskarta. Baƙuwa ta hau jakinta, ku tashi ku ba ni wuri."

Ba ma son wannan tatsuniyar, don ba a ceci kowa a cikinta ba. Wana, Yaya Sale, yakan ce da shi ne da ya cike ramin da hannu. Iya ta ce masa ya fara cike na cikinsa tukuna.

Na girma, na gama firamare, na zama wanda ake kira idan takardar boko ta shigo gari. Ina da mata da 'ya'ya biyu lokacin da wani malamin jami'a, da muke ce wa Dakta, ya zo da ɗalibansa. Ya gaya wa mai gari bincike suke kan yadda jama'a ke shiga birni da fita, don masu tsara gari su san inda za su faɗaɗa titi da inda za su sa tasha. Mutumin kirki ne, ya tuɓe takalmi ya yi gaisuwa, ya sha furarmu. Mai gari ya haɗa shi da ni. Ya ba ni takarda mai gida-gida, na mota daban, na bas, na babur, na keke, sai gida na ƙarshe da ya ce in sa duk wani abin da na gani. Mako guda na yi a gindin darbejiya a bakin kwalta, daga hantsi zuwa yamma, ina jan layi da biro.

Jakunanmu sun wuce kafin in zauna. Amma da la'asar ina hango su can ƙasa da ni, inda burtali ya ratsa kwalta, suna dawowa ayari-ayari. Ban taɓa sa ko ɗaya a gidan nan na ƙarshe ba. A rana ta biyu Yaya Sale ya ratso ta wurinmu da jakunansa don ya ga aikin ƙaninsa, warin taki na binsa. Wani ɗalibi ya toshe hanci, sauran suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Yaya ya yi mini sannu da aiki, na amsa da rabin baki kamar ban san shi ba.

Ranar ƙarshe Dakta ya zauna kusa da ni ya buɗe littafinsa.

"Malam Haruna, ban da kwaltar nan, akwai wata hanya da mutanenku ke bi zuwa birni?"

"Ranka ya daɗe, wannan da can ne. Yanzu kowa mota yake hawa."

Ya sake tambaya, na sake faɗa. Ya rubuta, ya gode mini. A ganina a lokacin na rufa wa garinmu asiri.

Shekaru suka wuce ban ji komai ba. Sai aka zo aka mai da titin tagwaye, da kankare a tsakiya da lambatu mai zurfi gefe da gefe. Ta ɓangaren birni kuma aka yanka burtalin filaye, domin babu wata takarda da ta nuna ana bin sa. Jaki ba ya tsallake lambatu. Masu zagayewa sai su ninka tafiya, su bi gefen kwalta, manyan motoci na kashe musu dabbobi. Ana cikin haka mai ya yi tsada, takin zamani ya fi ƙarfin talaka, takin birni kuma sai mai iya hayar tifa. Yaya Sale ya rabu da jakunansa ɗaya bayan ɗaya. Gonarsa ta rame har dawar ba ta kaiwa ƙirji, ya koma tura kurar ruwa a unguwar Rijiyar Zaki da furfurarsa, a can ajali ya same shi. Ban taɓa gaya masa abin da na ce ba.

Tun yana raye na raka mai gari wani ofis a birni mu roƙi a bar mana mashigar jakuna. Wani saurayi mai ladabi ya saurare mu, ya ɗauko littafi ya karanta mana cewa bincike ya nuna mutanen yankinmu sun daina amfani da jaki. Ya ce littafin Dakta ne, kuma wasu masanan sun kawo maganar a nasu littattafan, har da na ƙasar waje, ɗalibai ma da ita ake koyar da su.

"Baba, ba ni na faɗa ba, masana ne."

Na ce masa, "Yaro, ni ne na faɗa. Ƙarya na yi."

Ya yi murmushi ya sa aka kawo mini ruwa. Na tambayi inda Dakta yake, aka ce Allah ya yi masa rasuwa. Maganata ta riga ta yi 'ya'ya da jikoki, ni da na haife ta kuma babu mai karɓar shaidata.

Da ina yaro raƙumin dawa nake jin haushi. Sai da na tsufa na lura Iya ba ta taɓa zaginsa ba, takan ma tsaya ta nanata cewa ya sunkuyo ya tambaya. Mai ilmi abin da aka nuna masa yake gani, kuma abin da ya rubuta yana tafiya inda ƙafar mai gona ba za ta kai ba. Na so in tambayi Iya ko akwai ranar da bushiya za ta buɗe fuska, amma ta rasu tun kafin in san tambayar tawa ce.

Bara jikokina suka zo daga birni, suka matsa sai na yi musu tatsuniya. Na hura 'yar wuta a tsakar gida na ce, "Ga baƙuwa a kan jaki." Ba su san amsar ba. Ƙaramar cikinsu, wadda ta sha wuya a hannun uwarta wajen tsallako lambatun nan, ta dube ni ta ce, "Kaka, ta ina jakin ya biyo?"

Na daɗe ina gyara karan da ke cikin wutar.