Na guje wa ƙarfen sabis, ashe ciwon yana cikin jinina

Assalamu alaikum, jama'a. Wata bakwai ke nan ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Ina nan da rai. Da yatsa ɗaya na hannun hagu nake wannan rubutun, sai ku yi haƙuri da ni, don labarin ba zai yi sauri ba.

Waɗanda suka san gidana a Gwandu sun san ƙarfen sabis ɗin da aka kafa a bayan katangata. Shekara bai cika ba kaina ya fara ciwo, can ta ƙeya. Kunne yana ƙugi. In na ɗago daga sujada sai ƙasa ta juya.

A lokacin ne wani saƙon murya ya shigo wayata. Mai maganar, wanda har yau ban san ko wane ne ba, ya ce waɗannan ƙarafan dafa ƙwaƙwalwa suke yi a hankali. Muryarsa irin ta masu ilimi ce. Na gaskata, kuma na tura muku. Wasunku na tura musu sau uku.

Hajiya, uwar 'ya'yana, ta ce, "Malam, ka tai a auna jininka mana. Ko nan kemis ana awo."

Na ce, "Mi za a auna? Ga ciwon can tsaye, hadda jan fitila bisa kai."

Ni da na yi shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare.

Da abin ya tsananta, na tattara tabarma da rediyona na koma wurin ƙanena Sahabi, a gonarsa ta fadama can bayan Dangoma. Wurin ko ɗigon sabis babu. Abin da ya kai ni ke nan. Na yi sati uku ina gaya wa kaina na ji sauƙi.

Wata Talata da hantsi ina shan fura, ludayi ya faɗi daga hannuna. Na miƙa hannu in ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Na buɗe baki in kira Sahabi, abin da ya fito ba magana ba ce.

Ina kwance ina kallonsa yana zagaya gona da waya a sama, yana hawa tudu yana sauka. "Yaya, ba ta shiga! Wallahi ba ta shiga!" Ya san mai mota a Kalgo, lambarsa tana cikin wayar, amma babu hanyar kiransa.

A amalanken shanu aka fitar da ni zuwa titi. Sai bayan la'asar muka isa babban asibiti a Birnin Kebbi.

Aka ɗaura mini abin awo a damtse. Ma'aikaciyar ta duba, ta sake aunawa, sannan ta tafi kiran likita da sauri. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, daga hawan jinin da ya daɗe ba a taɓa shi ba.

Aka tura ni hoton ƙwaƙwalwa. Suka kwantar da ni, suka cusa kaina cikin wata na'ura mai kama da bakin rijiya. Na ce a raina, ka gudu daga ƙarfe ɗaya, ga ka cikin cikin wani.

Kwana goma sha tara na yi a gado. Robar fitsari, robar abinci ta hanci, ƙarin ruwa. Duk bayan 'yan sa'o'i a juya ni kamar waina don kada bayana ya yi gyambo. Mutumin gadon da ke kusa da ni an ja masa mayafi a kwana na huɗu. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Sahabi ya sayar da ɗaya daga cikin shanun da suka ja ni, aka biya hoto da magani.

Da bakina ya fara dawowa, abin da na fara tambayar likita shi ne ƙarfen. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.

Ya ce, "Baba, shekara nawa kana kwana da rediyo a kunne?"

Na nuna masa da yatsu, arba'in.

Ya ce, "Abin da ƙarfen yake aikawa ɗan'uwan abin da rediyonka yake kamawa ne. Ba ya dafa kai. Jininka ne ya yi ta bugun jijiya har ta gaza. Da an auna tun farko, ƙwaya ɗaya a rana za ta iya tare wannan. Da kuma kun iso da wuri, da wataƙila ɓarnar ba ta kai haka ba."

Hajiya tana zaune a gefe. Na jira ta ce ai na faɗa maka. Ba ta faɗa ba. Ta goge mini yawu da gefen mayafinta, shi ke nan. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Wata huɗu ina zuwa gashin ƙashi a asibiti. Ƙafa ta dawo, ina zuwa masallaci da sanda. Hannun dama bai dawo ba, kuma an gaya mini kada in sa rai sosai. Hannun da na riƙe alli da shi.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da Sahabi, da Hajiya wadda ba ni da bakin gode mata.

Ga abin da nake roƙonku. In kun haura arba'in ku riƙa auna jini, ko kanku ba ya ciwo, don sau da yawa ba ya sallama. In an ba ku magani kada ku daina don kun ji sauƙi. In kuka ga bakin mutum ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta harɗe, ku nemi mota nan take, kada ku tsaya shafe-shafe. Wanda duk na tura wa wancan saƙon, ya yafe mini, ya goge shi.

Na dawo ɗakina. Ina shan ƙwayata kowace safiya, kai ya daina ciwo. Ƙarfen yana nan inda yake, ina ganinsa ta taga. Ta kansa wannan saƙon zai bi ya iso gare ku.